Esin da ke ɗaukewa a cunkoson Kwangila: nazarin wata mota mai lambobin laifi biyu

A ƙarshen watan Maris, lokacin da zafin Zariya ke kaiwa maki 38 zuwa 40 da tsakar rana, wata Hajiya malamar makaranta ta shigo garejinmu da ke Sabon Gari da Toyota Camry ƙirar 2008, mai injin silinda huɗu, 'yar Amurka da ta biyo ta Kwatano. Gidanta yana cikin birni, wajen aikinta Samaru, saboda haka kullum sai ta ratsa Tudun Wada da PZ da Kwangila, tafiya da dawowa, da yara uku a kujerar baya. Kukanta biyu ne. Na farko, na'urar sanyaya motar, wato esi, tana aiki lafiya da safe da kuma kan buɗaɗɗen titi, amma da an tsaya a cunkoso da rana sai ta riƙa huro iska mai ɗumi. Na biyu, fitilar cek injin ta kan kama, ta yi kwanaki, ta mutu, ta sake dawowa.

Kafin ta iso wurinmu ta riga ta bi hannu uku. An ƙara mata gas har sau uku, an canza sensa biyu, kuma a ranar da ta zo, kuɗin sabuwar kwamfuresa (famfon da ke matsa gas ɗin esi) ne a jakarta, domin an gaya mata ita ce ta gaji.

"Malam, ni dai ka duba min kafin in saya," in ji ta. "Ƙanena ne ya ce in fara zuwa wurinka."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ki riƙe kuɗinki tukuna. Ki ba ni labarin motar tun daga bara."

Labarin da ta ba ni

Na fi ba wannan sashe muhimmanci a kan duk wani awo da muka yi daga baya, domin a cikinsa bakin zaren yake. A bazarar bara motar ta tafasa a hanyar dawowa daga Kaduna. Wani bakanike na bakin hanya ya cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, ya jefar, ya ce ba a yi shi don ƙasarmu ba. Fanka ɗaya daga cikin biyun da ke bayan lagireto ta mutu, aka sayo ta Beljiyam aka sa, aka haɗa duka biyun dairek, da an murɗa makulli su kama juyawa. Damina ta shigo, gari ya yi sanyi, ba ta ga wata matsala ba. Da hunturu fitilar cek ta kama, wani ya cire kan batir na minti biyar, ta mutu. Ba ta kunna esi ba duk tsawon Disamba da Janairu. Sai da zafi ya dawo abin ya fito fili.

Mai sikanin na farko da ta je wurinsa yana amfani da ƙaramar na'urar nan da ake haɗawa da wayar hannu. Ya ga lamba P0118, ya ce mata injin yana zafi fiye da kima, ya sayar mata da sensar zafin ruwa, ya goge lambar. Mai esi kuma, bayan ya ƙara gas sau biyu abin bai gyaru ba, ya kira wani mai na'ura babba, suka ga B1423, suka saki gas ɗin ya bi iska, suka canza sensar matsin gas, suka sake cikawa daga tukunya. Na tambaye ta ko ta ga an ɗora tukunyar a kan sikeli, ko an jona wani injin zuƙe iska kafin cikawar. Ta ce a gabanta aka yi komai, ba ta ga ko ɗaya ba.

Abin da lambobin ke faɗa

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da tsarin gano laifin mota da ake kira OBD-II, da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Harafin farko na lamba yana nuna sashen da ta fito: P na inji da giya, B na kayan jikin mota irin su esi, C na birki da ƙafafu, U na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Ƙananan na'urorin waya galibi kwamfutar inji kaɗai suke iya tambaya, wadda muke kira birenbos. Esin wannan mota yana da tasa ƙaramar kwamfutar daban, kuma laifinsa ba ya kunna fitilar cek. Shi ya sa mutum na farko bai ga B1423 ba sam.

Da muka jona tamu na'urar, lambobin biyu suna nan, sun dawo duk da sababbin sensa. Ban goge komai ba. Yarona na shago, wanda shekararsa biyu ke nan a hannuna, yatsansa har ya kai kan maɓallin gogewa.

"Oga, in share mu ga wadda za ta dawo?"

Na ce ya dakata. A lokacin da birenbos ta rubuta laifi, tana ajiye hoton halin da injin ke ciki a daidai wannan daƙiƙa: gudun mota, juyin inji, zafin ruwa, zafin iskar da ke shiga. Wanda ya goge lamba, ko ya cire kan batir, ya haɗa da wannan shaida ya zubar. Muka buɗe hoton P0118. Mota tana tafiyar kilomita 23 a awa, iskar da ke shiga inji tana da zafi, amma zafin ruwa an rubuta maki 40 ƙasa da sifili. A Zariya, a watan Maris.

A nan mutum na farko ya kauce hanya. Fassarar P0118 ita ce saƙon da ke zuwa daga layin sensar zafin ruwa ya yi sama da yawa. Shi ya ɗauka zafi ne ya yi sama, alhali wutar da ke kan wayar ake nufi. Birenbos tana aika volt 5 zuwa sensar. Sensar kuwa tana tare wuta sosai idan ruwa da sanyi, tana sassautawa idan ya yi zafi: wajen om 2,400 (om shi ne ma'aunin tare wuta) a maki 20, ya sauko wajen om 320 a maki 80. Idan waya ta tsinke, wutar ba ta da hanyar wucewa, sai ta tsaya a kusan volt 5, birenbos ta karanta hakan a matsayin sanyi mafi tsanani da ta sani, wato 40 ƙasa da sifili. Da wayoyin biyu haɗewa suka yi da juna, da P0117 za ta fito, karatun ya haura maki 140. Saboda haka lambar da aka ce mata ta tafasar inji ce, magana take a kan yankewar waya.

Allah ya sa tsohuwar sensar tana cikin leda a aljihun gaban mota. Na ɗora mata mita a inuwar gareji, ta nuna om 1,200 da 'yan kai, daidai da zafin ranar. Na aiki yaro wurin mai shayin da ke ƙofarmu ya karɓo tafasasshen ruwa a kofin silba. Muka tsoma bakin sensar, muna kallon lambobin mita suna gangarowa a hankali, 900, 600, 400, har suka tsaya ƙasa da 300, ba tsalle ba yankewa. Lafiyarta ƙalau. Ita ce ta asali da motar ta zo da ita, kuma ta fi wadda aka saka mata inganci nesa ba kusa ba.

Sai muka koma kan waya. Inji yana silo, ni ina kallon karatun zafin ruwa a na'ura, yaro yana bin damin wayoyi da hannu yana girgizawa kaɗan-kaɗan. Da ya iso kamar taƙi ɗaya daga soket ɗin sensar, karatun ya faɗo daga 74 zuwa 40 ƙasa da sifili, ya saki ya koma 74. Muka warware baƙin salatif da aka naɗe wurin. Robar wayar tana da ƙananan huji uku, irin na wanda ya soka allura yana neman wuta. Ruwan wankin inji ya bi hujin ya shiga, tagullar ciki ta zama kore kamar gansakuka, sili biyu kacal suka rage a haɗe. Wanda ya yi dairek ɗin fanka bara ne ya bi wayoyin wurin yana soka musu allura. Mun yanke ruɓaɓɓen, muka yi ƙari da dalma, muka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Don tabbatarwa, na cire soket na haɗe bakinsa biyu da guntun waya, na'ura ta nuna 140, alamar layin ya tafi lafiya har birenbos. Muka mayar da sensar asali mazauninta.

Sensar da ta faɗi gaskiya

B1423 ta fi ba ni haushi, domin a kanta aka fi cin kuɗin baiwar Allah nan. Sunan lambar layin sensar matsin gas, kuma da yawa daga cikinmu da sun ga kalmar sensa sai su nufi shagon kayan gyara. Amma littafin gyaran motar ya bayyana cewa lambar tana fitowa a hali uku: idan layin ya yanke ko ya haɗe, idan matsin gas ya faɗi ƙasa da kimanin psi 28 (psi ma'aunin matsi ne), ko idan ya haura kimanin psi 455. A biyu daga cikin ukun nan sensar ba ta da laifin komai, abin da ta gani ta faɗa, kwamfutar esi kuma ta tsayar da kwamfuresa don kada ta ƙone ko tiyo ya fashe.

Rarrabe su ba shi da wuya. Sensar tana da waya uku: ta volt 5, ta ƙasa, da ta saƙo. Mun auna, biyun farko suna nan daram. Sai muka ɗaura geji a bututun esi, inji a kashe, muka kwatanta abin da allurar geji ta nuna da abin da sensar ke gaya wa kwamfuta. Geji ya ce 131, na'ura ta ce 129. Shaidu biyu da ba su san juna ba sun faɗi magana ɗaya.

A nan zan ɗan tsaya, don akwai kuskuren da nake gani kullum. Matsin da geji ke nunawa idan inji a kashe yake ba ya gaya maka yawan gas ɗin da ke ciki. Gas ɗin R134a, muddin akwai ruwansa a cikin bututu, matsinsa zafin wuri yake bi: wajen psi 97 a maki 30, wajen 114 a maki 35, wajen 133 a maki 40, ko rabin cikin ne ko ya yi ninki. Wanda ya dogara da wannan allura, ko ya taɓa bututu da hannu ya ce "bai ƙoshi ba", lalube yake yi. Nauyi ne ma'aunin gas, kuma an rubuta shi a sitika ƙarƙashin bonet. Na wannan mota wajen rabin kilo ne.

Muka tada inji da misalin ƙarfe biyu na rana, motar tana tsaye a rana, bonet a rufe kamar yadda take a cunkoso, tiyon geji ya leƙo ta gefe. A yanayi mai kyau ana sa ran ɓangaren sama, wato bututun da kwamfuresa ke tura gas cikinsa, ya zauna tsakanin psi 200 da 230, ya ɗan ɗara haka idan gari ya yi zafi sosai. Allurar ja, mai auna wannan ɓangaren, ta wuce 250 cikin minti ɗaya. Ta wuce 350. Hajiya tana zaune a ciki tana cewa sanyi yana raguwa. Ta kai 450 da ɗoriya, sai muka ji sautin inji ya sauya, allurar ta fara komowa, iska mai ɗumi ta fito. Bayan ɗan lokaci ta sake kamawa, ta sake hawa. Abin da ke faruwa da ita a Kwangila ke nan, mun gan shi da idonmu. Wani abu kuma da ya ruɗi mai esin: kwamfuresar wannan ƙirar ba ta da kulocin da ke yin ƙas idan ya kama, kullum tana juyawa, wani bawul na lantarki ne a jikinta ke ƙara ko rage aikinta. Da bai ji ƙarar da ya saba ji ba, sai ya yanke mata hukuncin mutuwa. Kwamfuresar da ke iya tura matsi har 450 kuwa ƙarfinta bai ragu ba.

To me ke hana zafin fita? Kwandansa, wato faifan da ke gaban lagireto, aikinta ta zubar da zafin da gas ya kwaso daga cikin mota, kuma ba ta iya yin haka sai iska tana ratsa ta. Fankokin biyu suna juyawa da ƙarfi, kowa ya leƙa zai ce lafiya. Na yago takarda daga littafin rasit na kara a gaban ragar mota ta ɓangaren dama, ta manne, iska ta zuƙe ta. Na matsar da ita hagu, sai ta tashi sama ta faɗo a ƙafata. Yaro ya ɗauka ya sake gwadawa, ta sake tashi. Ya sa tafin hannu a wurin ya janye da sauri.

"Oga, ai zafi take hurowa waje!"

Fankar Beljiyam ɗin an juya mata waya, ta koma juyawa da baya. Ɗaya tana jan iska ciki, ɗaya tana kwaso zafin inji tana turo shi ta cikin lagireto zuwa kan kwandansa, 'yar'uwarta ta sake zuƙe shi. A hanyar Shika ko ta Kaduna, iskar gudu tana rinjayarta, esi ya yi sanyi. A tsaye kuwa kwandansa a cikin tanda take. Shekara guda motar tana haka, kuma rashin tamostat da kaɗawar fanka ba hutu su suka ɓoye abin, injin bai kai ga tafasa ba balle a bincika. An bar jaki ana ta dukan taiki.

Gyaran

Mun warware dairek ɗin gaba ɗaya. An ja shi ne daga bayan makulli da siririyar waya, babu fis, robarta har ta fara narkewa a inda ta gogi ƙarfe. Muka mayar da fankokin kan layinsu na asali da rile-rilensu, yadda birenbos za ta kunna su a hankali ko da ƙarfi gwargwadon zafin ruwa da matsin gas. Muka ware kwandansa daga lagireto, muka tarar da ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da fuka-fukan ƙwari sun yi kamar tabarma a tsakaninsu, muka wanke da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba don kada siraran haƙoranta su lanƙwashe.

Matsi ya sauko, amma ya tsaya wajen 320, allurar tana rawa. Saura aikin masu ciko. Muka janye gas ɗin zuwa tukunyar da ba komai a kan sikeli, ya ba mu kusan giram 800. Ga yawa, ga iskar da aka rufe a ciki ranar da aka canza sensa, ita kuwa iska ba ta zama ruwa a kwandansa, wuri kawai take tarewa tana ƙara matsi, kuma laimar da ke cikinta tana lalata man kwamfuresa. Muka canza jakar tsotse laima, muka zuƙe iska na minti 40, muka rufe muka jira minti 15 allura ba ta motsa ba, alamar babu yoyo. Sannan muka zuba giram 500 a kan sikeli. A rana ɗaya, a wuri ɗaya, ɓangaren sama ya zauna a 240, na ƙasa a 33, iskar da ke fita a gaban direba maki 9.

An ba ta shawara a baya cewa idan abin ya ƙi, a yi wa sensar matsi dabara a daina jin ta bakinta. Da an yi haka, babu abin da zai tsayar da kwamfuresa a 455, kuma da yara a mota a tsakiyar cunkoso tiyo zai iya fashewa. Ban yarda da wannan aiki ba ko a motar wa.

Inda muka fi daɗewa shi ne maganar tamostat, kuma da baki aka yi ta. Ƙanenta ya iso da la'asar, yana jin na ce a mayar, ya ce, "Haba Malam, a wannan zafin? Kowa cirewa yake yi." Ban ga laifinsa ba, abin da ya taso ya ji ke nan. Na nuna masa a na'ura cewa a zagayen gwaji da muka yi zuwa Basawa zafin ruwa bai wuce maki 70 ba. Tamostat ɗin wannan inji yana fara buɗewa ne a maki 80 zuwa 84, kuma a sama da nan aka tsara injin ya yi aiki. Idan ya buɗe ba ya tare ruwa, aikinsa kawai ya hana inji zama da sanyi. Injin da ke ƙasa da zafinsa yana ƙara shan mai, baƙin mai yana saurin lalacewa, kuma da asubahin hunturu birenbos takan rubuta P0128, wato ruwa ya kasa kai zafin da ya kamata. Ina kyautata zaton ita ce fitilar da aka kashe mata da cire kan batir. Sannan na nuna masa abin da ya tafasa motar tun farko: murfin lagireto robarsa ta tsage ba ya riƙe matsi, ga ruwan rijiya da ake ta zubawa ya bar tsatsa ja a ciki, ga fankar da ta mutu. Hajiya ta saurare mu duka, ta ce, "Malam, a mayar da shi yadda masu ita suka yi ta." Muka wanke lagireto, muka sa tamostat da sabon murfi, muka zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya mai hana tsatsa.

Sai a lokacin na goge lambobin, bayan na kwafe su da hotunansu a littafin gareji. Na gaya mata abu ɗaya da za ta riƙe: fitilar cek idan ta kama ta tsaya cak, a kawo mota a duba cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a bari kowa ya taɓa kan batir, idan kuwa tana ƙiftawa, silinda ce ke fashin wuta, a rage gudu a nemi wurin tsayawa.

Ta dawo bayan mako biyu kamar yadda muka yi da ita, da ƙarfe uku na rana, kai tsaye daga Samaru, ta ce ta yi kusan rabin awa a Kwangila bayan wata tirela kuma ƙaramin yaron har barci ya yi a baya. Muka jona na'ura: babu lamba a inji, babu a esi, zafin ruwa 89, fankoki suna kamawa suna saki da kansu. Ta kuma lura cewa man da take sha a mako yanzu yana kai ta har Litinin. Sensar matsin da aka saka mata ba ta asali ba ce, ta asalin an jefar tun ranar, don haka na rubuta karatunta na yau kusa da na geji a littafi, na ce ta kawo motar a farkon Disamba mu sake kwatantawa, mu kuma ga yadda tamostat zai yi da sanyin asuba.